Abin da Wayarka Ke Nufi Idan Ta Kira Kuka Adansonia digitata

Duk wanda ya taɓa sauke Seek ko Pl@ntNet a wayarsa, ko ya buɗe Google Lens ya saita kyamara a kan wata bishiya, ya san abin da ke biyo baya. Wayar za ta ɗan yi jim, sai ta jefo wani suna da ba Hausa ba, ba kuma Turanci ba. Kuka ta koma Adansonia digitata. Tsamiya ta koma Tamarindus indica. Zogale kuma Moringa oleifera. Yawancin mutane sukan ɗauki hoton fuskar wayar su tura a WhatsApp, a yi dariya, a wuce wurin.

Waɗannan kalmomi biyu-biyu adireshi ne a cikin wani rumbun bayanai da aka fara ginawa kusan shekara 300 da suka wuce, tun babu lantarki balle kwamfuta, kuma har gobe ana yi masa gyara. Abin da aka jera rumbun a kansa shi ne dangantaka tsakanin halittu, wadda masana ke karantowa daga cikin duwatsu da kuma ƙwayoyin gado na DNA. Wanda ya fahimci yadda aka gina shi zai san lokacin da ya dace ya yarda da abin da wayar ta faɗa, da kuma lokacin da yarda da ita ka iya kai shi gadon asibiti.

Folda a cikin folda

Manhajar Seek, wadda iNaturalist ta fitar a 2018, ita ce ta fi nuna tsarin a fili. Idan aka saita kyamararta a kan wani abu mai rai, akwai wasu ɗigogi guda bakwai a saman fuskar wayar da ke cika ɗaya bayan ɗaya. Ɗigo na farko yana cika ne da zarar manhajar ta gane cewa tsiro ne ko dabba. Na ƙarshe ba ya cika sai ta kai ga ainihin nau'in. Waɗannan bakwai su ne matakan rarraba halittu, kuma ana iya kiransu da Hausa kamar haka: masarauta, rukuni, aji, sahu, dangi, gida, sai nau'i.

Mai waya ya riga ya san wannan tsari ko da bai taɓa shiga ajin bayoloji ba. Folda ce a cikin folda. Kamar yadda ake buɗe ma'ajiyar waya, a shiga foldar WhatsApp, a shiga ta hotuna, kafin a kai ga hoto guda, haka kyanwa take cikin gidan Felis, gidan yana cikin dangin da ya haɗa da zaki da damisa, dangin yana cikin sahun masu cin nama tare da kare da kura, sahun kuma yana cikin ajin dabbobi masu shayarwa. Sunan da wayar ke nunawa matakai biyu na ƙarshe ne kawai, wato gida da nau'i.

Mutumin da ya kafa wannan al'ada shi ne Carl Linnaeus, likita kuma masanin tsirrai daga ƙasar Suwidin. Ya fitar da littafinsa Systema Naturae a 1735, sannan a 1753 ya fitar da Species Plantarum, inda ya bai wa kowane tsiro suna mai kalma biyu. Sunayen dabbobi kuwa ana fara lissafinsu ne daga bugu na goma na Systema Naturae, na shekarar 1758. Kafin shi, sunan tsiro guda a littattafan Turai yakan kai jimla guda ta Latin.

Duk wanda ya taɓa gina ko da ƙaramin rumbun bayanai ya san dalilin da ya sa ba a dogara da sunan mutum wajen tantance shi. Ana ba kowa lamba tasa shi kaɗai, domin Musa Ibrahim ya fi ɗari a gari guda. Matsalar ke nan da Linnaeus ya magance. Bishiya ɗaya ce ake kira dogon yaro, darbejiya, maina ko bedi, ya danganta da garin da mutum ya tashi, amma a rumbun duniya layinta ɗaya ne: Azadirachta indica. Haka kuma suna ɗaya na iya hawa kan abu biyu. Abin da ake kira gujiya a wasu yankunan yammacin ƙasar Hausa shi ne gyaɗa a Kano, alhali a Kano gurjiya wata aba ce daban. Ta farko Arachis hypogaea, ta biyu Vigna subterranea, kuma babu yadda za a yi su rikice.

Sunayen suna ɗauke da tarihin waɗanda suka raɗa su, har da son kansu. Kuka ta samu nata ne daga Michel Adanson, Bafaranshen da ya gan ta a Senegal a 1749. Ɗorawa, Parkia biglobosa, an sa mata sunan Mungo Park ne, duk da cewa mata sun daɗe suna dafa kalwa suna yin daddawa kafin a haifi kakansa. Tsamiya kuma an liƙa mata kalmar da ke nufin ta Indiya, alhali asalinta Afirka ne. Doka ba ta yarda a sauya suna don kawai ma'anarsa ba daidai ba ce, kamar dai yadda ba a sauya lambar mutum a rumbu don ya bar garinsu.

Kama da wane ba ta wane

Linnaeus ya jera halittu ne bisa abin da ido ke gani. Tsirrai, alal misali, ya rarraba su ta hanyar ƙirga sassan furensu. Tsarin ya yi aiki wajen nemo suna, amma ya tara baƙi a ɗaki guda, ya kuma raba 'yan uwa. Bayan littafin Charles Darwin na 1859, masana suka fara kallon foldojin a matsayin rassan bishiyar zuri'a, inda ake sa halittu biyu wuri guda idan sun fito daga tushe guda. A 1950 wani Bajamushe masanin ƙwari, Willi Hennig, ya tsara ƙa'idojin yin hakan. Da aka samu damar karanta DNA kuma, sai aka shiga kwashe kaya daga wannan folda zuwa waccan.

Tukunyar miya ta isa misali. Binciken DNA da wani gungun masana tsirrai suka fara wallafawa a 1998 ya kai ga haɗa kuka a dangi guda da kuɓewa, lalo, rama, yakuwa, auduga, har da goro da koko. Sunan dangin Malvaceae. Wato katafariyar bishiyar da mutum goma ba sa iya zagaye ta da hannu 'yar uwar kuɓewar bayan gida ce, kuma wanda ya saba da yauƙin miyar kuka da na kuɓewa da na lalo ba zai yi mamaki sosai ba. Sai dai karkashi, wanda ya fi su duka yauƙi, ba ya cikinsu. Shi ɗan uwan riɗi ne. Yauƙin nasa kama ce kawai.

A ɓangaren dabbobi abin ya fi ɗaure kai. Kada ya yi kama da ƙadangare da damo, amma ƙashi da DNA sun nuna ya fi kusa da kaza da zabo. Jemage yana tashi, amma yana haihuwa yana shayarwa, don haka babu ruwansa da tsuntsaye. Rema, 'yar ƙaramar dabbar nan ta kan duwatsu da ake ɗauka dangin gafiya ce, tana cikin reshe guda da giwa da ayu da dabgi. Masana sun raɗa wa wannan reshe suna Afrotheria a 1998, saboda tushensa a nahiyar Afirka yake.

Wanda ya fi duka shi ne naman kaza. Shekaru da yawa littattafai suna sa shi cikin tsirrai saboda yana fitowa daga ƙasa kuma ba ya motsi. A 1969 Robert Whittaker ya ware masa masarauta tasa, daga baya kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa ya fi kusa da dabbobi a kan tsirrai. Ba ya haɗa abincinsa da hasken rana kamar ganye, cin na wasu yake yi. Bahaushen da ya fara kiran sa naman kaza bai san da DNA ba, amma sunan ya faɗa kusa da gaskiya fiye da tsofaffin littattafan Turai.

Har saman bishiyar ma bai tsira ba. A 1977 Carl Woese na Jami'ar Illinois a Amurka ya gano cewa wasu ƙananan halittu da kowa ke ɗauka bakteriya ne sun sha bamban da bakteriya tun daga tushe. Ana kiransu Archaea. A 1990 ya kawo shawarar a ƙara wani mataki sama da masarauta, mai rassa uku: bakteriya, Archaea, sai reshe na uku da ya kwashe duk wani abu mai rai da ido ke iya gani, daga kuka har kiyashi. Dabbobi da tsirrai, waɗanda a da su ne duka labarin, sun koma ƙananan rassa biyu a gefe guda.

Irin waɗannan gyare-gyare su ne ke sa wani lokaci sunan da ke waya ya saɓa da na littafin makaranta. Ɗalibin da ya haddace bagaruwa a matsayin Acacia nilotica zai ga wayarsa ta ce Vachellia nilotica. Ba kuskure ba ne. Bincike ya nuna bishiyoyin da ake kira Acacia ba gida ɗaya ba ne, dole a raba su, sai rigima ta tashi kan wanda zai riƙe tsohon sunan. A babban taron masana tsirrai na Biyana a 2005 aka bar wa na Ostireliya, aka kuma tabbatar da hakan a Melbon a 2011, duk da ƙorafin masana da yawa daga Afirka. Daƙwara, mai ba da ƙaro, ta koma Senegalia senegal. Masu rubuta manhaja sun san irin wannan sabuntawa da ke karya duk abin da aka gina a kan tsohon suna.

Idan tarihin duniya cajin batir ne

Da zarar an ce foldojin rassan zuri'a ne, to an shigo da lokaci cikin maganar, domin kowane reshe yana da ranar da ya rabu da ɗan uwansa. Lissafin masana ya nuna shekarun duniya sun kai biliyan 4.54. Adadin ya fi ƙarfin tunani, amma idan aka ɗauke shi a matsayin batirin waya da aka cika ɗari bisa ɗari ranar da duniya ta samu, ya zo ya ƙare a yau, kowane kashi ɗaya zai zama kusan shekara miliyan 45.

Alamun rai mafi tsufa da yawancin masana suka amince da su suna cikin duwatsun Pilbara a yammacin Ostireliya, masu kusan shekara biliyan 3.5. A lokacin batirin yana kan kashi 77. Daga nan har tsawon fiye da rabin cajin, kusan babu komai sai halittun da ido ba ya gani. Wajen kashi 53, wato shekara biliyan 2.4 baya, iskar oksijin da wasu bakteriya masu amfani da hasken rana ke fitarwa ta fara taruwa a sararin sama. Ba don wannan ba, da babu abin da zai yi numfashi irin namu.

Wayar ta riga ta yi gargaɗin ƙarancin caji kafin dabbobi su bayyana da yawa. A kashi 12, shekara miliyan 539 baya, zamanin da ake kira Kambiriyan ya fara, kuma a cikinsa ne yawancin manyan rukunan dabbobi na yau suka fara bayyana a cikin duwatsu. Tsirrai sun hau tudu wajen kashi 10. A kashi 5.5, shekara miliyan 252 baya, aman wutar duwatsu a yankin Saberiya ya jawo mutuwar da ba a taɓa yin irinta ba, wadda ta share fiye da kashi 80 na nau'ukan halittun teku. Dainoso sun fito bayan wannan, a kashi 5. Sun yi mulki har batirin ya sauko kashi 1.5, shekara miliyan 66 baya, lokacin da wani dutse mai faɗin kusan kilomita 10 ya faɗo daga sama a yankin Yukatan na ƙasar Meziko. Reshe ɗaya ne daga cikinsu ya tsira, kuma shi ne tsuntsaye. A tsarin rarraba halittu na yau, kazar da ke tsakar gida tana cikin foldar dainoso.

Tambayar da ta dace ita ce ta ina aka san waɗannan shekaru. Hanya ta farko tsohuwa ce: a inda ƙasa ta taru hawa-hawa, na ƙasa ya riga na sama. Tun a ƙarni na 11 Al-Biruni ya lura cewa masu haƙa rijiya a hamadar Larabawa suna tono ɓawon halittun ruwa, ya kuma ce wurin teku ne a da. Wannan hanya tana nuna wanda ya riga wani, amma ba ta ba da lamba. Lambar tana zuwa ne daga ma'adinai irin su yuraniyom, wanda ake haƙowa a Arlit. Yuraniyom yana rikiɗa ya koma dalma a kan wani ma'auni da zafi ko sanyi ba sa sauya shi. Nau'insa da ya fi yawa yana ɗaukar shekara biliyan 4.47 kafin rabinsa ya rikiɗe. Idan aka auna yawan yuraniyom da dalma a cikin ƙwayar ma'adinin da ke tokar aman wuta, za a san lokacin da tokar ta zuba, daga nan a san shekarun ƙashin da ke ƙasa ko sama da ita. Gwajin kabon da aka fi ji a labarai ba ya aiki a nan, domin iyakarsa kusan shekara 50,000.

Teku a Sakkwato, kogi a Tenere

Wasu daga cikin shafukan wannan tarihi a ƙarƙashin ƙafafunmu suke. A hamadar Tenere, kudu maso gabas da Agadas, akwai wurin da ake kira Gadoufaoua, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi arzikin ƙasusuwan dainoso a Afirka. Kusan shekara miliyan 110 baya, lokacin da batirin ke kan kashi biyu da ɗoriya, wurin koguna ne da dausayi. Bafaranshe Philippe Taquet ya yi aiki a can tun shekarun 1960, kuma a 1976 ya raɗa wa wani dainoso mai doguwar ƙaya a gadon baya suna Ouranosaurus nigeriensis. Kalmar ta biyu Nijar take nufi, ba Najeriya ba.

A nan aka samu Sarcosuchus, wani ɗan uwan kada da tsawonsa ya kai mita tara ko fiye. A nan kuma aka samu Nigersaurus taqueti, wanda Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya raɗa wa suna a 1999. Tsawonsa kusan mita tara, bakinsa shimfiɗaɗɗe kamar bakin shebur, da haƙora sama da 500 a jere, sababbi na jiran tsofaffi su zube. Ƙasusuwan kansa sirara ne ƙwarai, don haka sai da aka sa su a na'urar ɗaukar hoton ciki ta CT, irin ta asibiti, aka haɗa kan a kwamfuta, kafin a fitar da cikakken bayaninsa a 2007. Wanda ya je Yamai zai iya ganin ƙasusuwan irin waɗannan dabbobi a gidan tarihi na Boubou Hama.

A Najeriya kuwa, yankin Sakkwato ya taɓa zama ƙarƙashin wani teku marar zurfi da ya ratsa Sahara. A kusa da Goronyo aka tono ƙasusuwan wata dabbar teku mai cin nama daga ƙarshen zamanin dainoso, kuma a 1972 aka sa mata suna Goronyosaurus. Ita ba dainoso ba ce, tana cikin sahun ƙadangaru da macizai. Farin dutsen da ake haƙowa a Kalambaina ana yin siminti da shi ya taru ne a ƙasan wannan teku kusan shekara miliyan 60 baya, daga ɓawon halittun ruwa. Gidaje da yawa a arewa maso yammacin Najeriya da ragowar waɗannan halittu aka gina su.

Abin da kyamara ke gani

Masana sun shafe shekara fiye da 150 suna ƙaura daga rarraba halittu bisa kama zuwa rarraba su bisa dangantaka. Kyamarar waya kuwa kama kawai take gani. Ƙirƙirarriyar basirar da ke cikin waɗannan manhajoji ba ta san kuka 'yar uwar kuɓewa ce ba. An nuna mata miliyoyin hotuna da mutane suka riga suka sa wa suna, ta koyi launi da siffa da zanen da ke tafiya da kowane suna. Bishiyar zuri'ar mutane ne suka gina ta, aka ɗora ta a kai.

Amfanin ɗora ta shi ne manhajar tana da wurin ja da baya. Idan Seek ba ta tabbatar da nau'i ba, sai ta tsaya a gida ko a dangi, ɗigogin su tsaya a biyar ko shida. Masu amfani da ita sukan ji haushin haka, su ce manhajar ba ta da kyau, amma wannan ita ce amsar gaskiya. Google Lens ba haka take aiki ba. Ita hotuna masu kama da naka take nemowa daga intanet, kuma kusan kullum sai ta kawo wani abu, ko daidai ko ba daidai ba. Manhajar da ba ta taɓa cewa ba ta sani ba ita ce ta fi cancantar a yi taka-tsantsan da ita.

Matsala ta biyu ta fi shafar yankinmu. Kafin iNaturalist ta sa wani nau'i a cikin abin da manhajarta ke iya ganewa, tana buƙatar hotunansa kusan ɗari. Mafi yawan hotunan da ke rumbunta daga Amurka ta Arewa da Turai da Ostireliya suka fito, a Afirka kuma ƙasar Afirka ta Kudu ce ta yi nisa. Tsiron da ke ko'ina a dajin Falgore ko a bakin Tafkin Chadi yana iya zama baƙo ga manhajar. Idan bai shiga ba, za ta iya miƙo sunan wani mai kama da shi daga wata nahiya. Ga kuma girman aikin kansa: nau'ukan da aka raɗa wa suna sun ɗan haura miliyan biyu, alhali wani ƙiyasi da aka wallafa a 2011 ya ce waɗanda ke raye, ban da bakteriya da Archaea, za su kai miliyan 8.7.

A kan fure ko malam-buɗe-littafi, kuskure abin dariya ne. A kan maciji ba haka ba ne. Kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe da nisa, tana cikin macizan da suka fi kashe mutane a yankin, kuma asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe ya fi karɓar waɗanda ta sara. Akwai wani maciji mai cin ƙwai daga gidan Dasypeltis wanda ba shi da dafi ko kaɗan, amma zanen jikinsa ya yi kama da nata, har yana goga ɓawon jikinsa ya fitar da irin sautin da take fitarwa. A bishiyar zuri'a danginsu daban ne. A hoton da aka ɗauka da dare, hannu na rawa, suna iya zama abu guda. Wanda maciji ya sara, asibiti zai nufa kai tsaye, ko da wayar ta ce marar dafi ne, kuma babu dalilin matsawa kusa da maciji don a samu hoto mai kyau. Haka batun naman kaza da ganyen magani yake. Wasu nau'ukan da ke kisa ba a bambanta su da na ci sai da gwajin da kyamara ba ta iya yi.

Rarrabewar ma a nan tana da tasiri a kan magani. A 2018 masanin macizai Jean-François Trape ya raba nau'in da aka daɗe ana kira Echis ocellatus, ya ware waɗanda ke Chadi da Kamaru da sassan Najeriya a matsayin Echis romani. Tunda maganin dafi ana haɗa shi ne daga dafin takamaiman macizai, masu haɗa shi suna buƙatar sanin ainihin wanda ke saran mutane a kowane yanki.

Na'urar da ke duba dangantaka kai tsaye ta riga ta samu, sai dai ba ta shigo cikin waya ba tukuna. MinION, ta kamfanin Oxford Nanopore a Ingila, ba ta kai girman ƙaramar waya ba, ana jona ta da kwamfutar tafi-da-gidanka ta USB ta karanta DNA. An yi aiki da ita a Gini lokacin Ebola a 2015, da kuma asibitin Irrua a jihar Edo lokacin ɓarkewar zazzaɓin Lassa a 2018, inda ta taimaka aka gane cewa ba sabon nau'in cutar ne ke yaɗuwa ba. Har yanzu tana buƙatar sinadarai da wanda ya ƙware, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin mai sha'awa kawai.

Inda mai waya zai iya sa hannu

Giɓin hotunan nan ba sai masani ne zai cike shi ba. A babbar manhajar iNaturalist, wadda ta faro a 2008 a matsayin aikin ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, duk hoton halittar daji da aka ɗora tare da ranar ɗauka da wurin ɗauka yana zuwa gaban masu tantancewa daga ko'ina a duniya. Idan fiye da kashi biyu cikin uku na waɗanda suka duba suka yarda a kan nau'i guda, sai hoton ya samu matsayin da masu bincike ke iya aiki da shi, ya kuma iya shiga GBIF, babban rumbun bayanan halittu na duniya mai ofishi a Kopenhagen. Irin waɗannan hotuna ne ake sake horar da manhajar da su.

Hoto ɗaya daga nesa bai cika wadatarwa ba. Ga bishiya, ana son ganye ta sama da ta ƙasa, fure ko 'ya'ya idan akwai, ɓawon jiki, sannan bishiyar gaba ɗaya. Ga ƙwaro, ana son sama da gefe. Abin da aka shuka ko ake kiwo akwai wurin da ake nuna hakan, don kada a lissafa shi cikin na daji. Akwai kuma wurin rubuta bayani, inda sunan Hausa na yankin da abin da ake yi da tsiron za su iya shiga, kuma wannan ilmi ne da tsoho a ƙauye ya fi kowace manhaja sani.

Ana iya ɗaukar hotunan babu intanet, a bari sai an samu data ko Wi-Fi a ɗora. Abin lura shi ne hoton yana tafiya da ainihin wurin da aka ɗauke shi, kuma kowa na iya gani a taswira. Wanda ya ɗauka a cikin gidansu ko gonarsu sai ya zaɓi ɓoye wurin kafin ya ɗora, manhajar za ta nuna faffaɗan yanki maimakon ƙofar gidan. Ga dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, ita da kanta take ɓoye wurin saboda mafarauta.